Hula ga Kai, Takalmi ga Me?

Butar shayi ce ta tona masa asiri. Ya ɗora ta a kan gas da hantsi, ya leƙa waje don ya ga ko masu kwasar shara sun zo, ya tarar da maƙwabcinsa zaune a kan benci, hira ta yi daɗi. Shi a ganinsa gaisawa kawai suka yi. Auta ta iso, ta gaishe su, ta wuce cikin gida, sai ihunta ya tashe shi daga bencin. Kicin ya turnuƙe da hayaƙi, ruwan ya ƙafe ƙaf, hannun butar ya narke ya ɗiɗɗiga a kan murhu kamar kyandir.

"Baba, da gidan ne ya kama fa?"

"Ai bai kama ba."

"Da ya kama fa?"

"Ke dai kin cika dogon lissafi. Buta ce, tsohuwa ce ma, dama na gaji da ita."

Wannan amsa ko shi da ya ba da ita bai ba ta maki ba. Auta kuwa dama a cike take, sai ta zauna a hannun kujera ta shiga jero masa laifuffuka. Tabaraunsa da aka kwana biyu ana nema, a cikin firij aka same shi, kusa da ƙwai. Maganin hawan jini wata rana ya sha sau biyu, wata rana ko kallonsa bai yi ba. Mafi muni, ya je aski da safe, ya sake komawa da la'asar, mai askin don kunya ya zaunar da shi ya yi ta zagaya sanƙo da almakashi yana yanka iska, sannan ya buga mata waya. Wannan ta ƙarshen ce ta fi yi masa ciwo. Mutumin da ka ba amanar kanka, shi ne zai kai ƙararka wurin 'yarka!

Auta ita ce ƙaramar 'ya'yansa, ita kaɗai ce kuma ta rage a garin. Yayyenta maza suna can nesa, aikinsu aiko da gaisuwa da shawara ta waya. Tun da mahaifiyarsu ta rasu take nacin ya koma gidanta. Har ɗaki ta ware masa, a hawa na uku, jikin kicin, inda keken ɗinki da keken motsa jiki suke jibge babu mai taɓa ko ɗaya. Mijinta mutumin kirki ne, kirkin ma har ya yi yawa: da surukinsa ya shigo falo sai ya miƙe tsaye, ya rage ƙarar talabijin, ya hana yara numfashi.

Shi kuwa gidansa yake so. Ba wani gida ba ne na a zo a gani. Ƙofar banɗaki sai an ɗaga ta kafin ta rufu, famfon kicin yana ɗiga tun marigayiya tana raye, rufin ɗakin baya yana yoyo a kusurwa ɗaya. Amma a nan yake tashi lokacin da ya ga dama, ya yawata da singileti, ya yi wa mai karanta labarai a rediyo gyaran magana da ƙarfi babu mai ce masa kanzil. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kada a mai da shi baƙon da ke zaune a bakin gado yana jiran a ƙwanƙwasa a ce abinci ya sauka.

"To mu yi haka," in ji Auta. "Mu je likita ta duba ka. In ta ce kana iya zama kai kaɗai, wallahi na bar maganar. In ta ce a'a, ka tattara ka biyo ni, ba musu."

"Na yarda," ya ce, tun kafin ta rufe baki. Girman kai ne ya amsa, ba shi ba. Da ta tafi ya zauna yana kallon gawar butar, ya ce a ransa, baki shi ke yanka wuya.

Washegari ya kai kukansa benci. Maƙwabcin nan nasa tsohon direban bas ne, kowa Direba yake ce masa, kuma babu asibitin da bai san ƙofarsa ba.

"Af, wannan gwajin? Ni ma an yi mini bara, da yarana suka ce wai ina maimaita labari."

"Ai kana maimaitawa."

"To ai na ci dai. Ba wani abu ba ne. Za ta tambaye ka yau wace rana, ta ba ka wasu kalmomi ka riƙe mata, ta ce ka zana agogo. Sannan ta kawo wasu tambayoyi na rainin hankali, wai sheƙa ga tsuntsu kamar rami ne ga wa."

"Me ka ce?"

"Wai sheƙa ga tsuntsu…"

Dariya ta kama shi har ta koma tari, Direba ya yi ta bubbuga masa baya. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Ai wannan ita ce sana'arsa. Shekara talatin da ɗoriya ya yi a hukumar shirya jarrabawa, a wani ofis mai taga ɗaya, babban aikinsa shi ne rubuta irin waɗannan tambayoyi na kwatancin kalmomi: kaza ga kaza kamar kaza ne ga me. Abokan aiki Mai Tarko suke kiransa, domin a cikin zaɓi huɗun da yake jerawa ƙarƙashin kowace tambaya, sai ya dasa guda mai kyawun fuska wadda ɗalibi zai runguma da gudu ya faɗi. Sunan ya bi shi har ritaya, kuma bai taɓa jin haushinsa ba. Shi za a yi wa wannan gwaji? Ai an kai wa kifi barazanar ruwa.

"Tsaya in gwada ka," ya ce, yana gyara zama. "Alƙalami ga marubuci kamar almakashi ne ga wa? Ga zaɓi: yadi, tela, zare, allura."

"Yadi mana. Almakashi me yake yanka in ba yadi ba?"

"Ka faɗa! Wallahi ka faɗa har wuya!" Ya tafa hannu kamar yaron da ya kama fara. Rabon da ya ji irin wannan daɗi tun ranar da aka yi masa walimar barin aiki. "Ka ga kuskurenku ke nan, ku duka, gaggawa. Kada ka fara kallon zaɓin nan, mayaudara ne. Ka tsaya a kan kalmomi biyun farko ka tambaye su, ku me ke tsakaninku? Mene ne zumuncin? Ka haɗa su cikin magana guda. Alƙalami kayan aikin marubuci ne. Ka ji ko? To ɗauki maganar nan yadda take, kada ka juya ta gaba ya koma baya, ka ɗora a kan almakashi. Almakashi kayan aikin wa ne?"

"Tela."

"Shi ke nan."

"To yadin fa? Ai shi ma yana tare da almakashi."

"Ɗan gida ne, amma ba shi aka aiko a kira ba. Shi ne tarkon. Ka ga zare da allura, su ma 'yan gida ne, na zuba su don su cika maka ido. Zumunci iri-iri ne: akwai na abu da mai amfani da shi, akwai na abu da mazauninsa, akwai na akasi, akwai na ƙarami da babba, akwai na ɓangare da dukan abu. In ka gano wanne ne a gabanka, amsa da kanta za ta zo ta durƙusa."

Direba ya dube shi sama da ƙasa. "Yanzu kai duk shekarun nan abin da ake biyanka ke nan? Ka haƙa wa 'ya'yan mutane rami?"

"Har da lambar yabo."

"Allah ya shirye ka."

Ya tashi zai shiga gida cikin nishaɗi, ya ga ya bar tabaraunsa a gefen Direba. Ya miƙa hannu. "Ba ni abin nan. Wannan, na… abin idon nan." Direba ya miƙa masa bai ma lura ba. Shi ya lura. Ya gaya wa kansa zafin rana ne, kuma ya kusa yarda.

Ranar zuwa asibiti ya yi shiga irin ta zuwa taron tantance tambayoyi, har da jan biro a aljihun gaba, wai ko da za a buƙaci gyara. Kafin ya fita ya tsaya gaban kalanda ya haddace rana da wata da shekara. Wannan ba maguɗi ba ne, in ji shi, shiri ne. A ɗakin jira ya zauna tsakanin wata tsohuwa da ke ta tambayar jikarta ina suke, da wani dattijo mai barci baki buɗe. Ya dube su da tausayi irin na wanda ya zo rakiya.

Likitar ko Auta ba ta kai ba a shekaru. Ta gaishe shi da ladabi, ta nuna masa kujerar da ke fuskantar teburinta, ta ce wa Auta ta zauna can bayanta jikin bango, kuma don Allah kada ta sa baki.

Rana da wata ya zuba su kamar ruwa. Kalmomin da ta ba shi ya riƙe, da ta waiwayo neman su, wasu sun tsaya, wasu sun sulale, ya ɗora laifin a kan fankar sama mai ƙara. Agogon kuwa ya fara shi da kyau, da'ira sumul, amma lambobin suka cunkushe a gefe guda kamar fasinjojin da ke gudun rana a cikin bas. Likita ta karɓa, ta yi ɗan rubutu. Wannan ɗan rubutun ya san shi. Shi ma ya yi wa dubban mutane irinsa, fuska ba yabo ba fallasa. Lallai wanzami ba ya son jarfa.

"Yanzu, Baba, zan ba ka kalmomi biyu masu dangantaka, in ba ka ta uku, kai kuma ka kawo ta huɗu."

Ya jingina, ya harɗe hannuwa a kan ciki. An zo wurin.

"Zafi ga sanyi kamar haske ne ga me?"

"Duhu. Akasi ne. Wannan ta 'yan aji ɗaya ce, 'yata."

"Yayyafi ga ruwan sama kamar murmushi ne ga me?"

"Dariya. Ƙarami da babba. Wannan ba laifi, wanda ya rubuta ta ya ɗan sha karatu."

"Shafi ga littafi kamar ɗaki ne ga me?"

"Gida." Ya leƙa ta kafaɗar likita ya harari Auta. "Ɓangare da dukan abu. Ɗaki ɓangaren gida ne, ɗaki ba gida ba ne. Ki rubuta wannan ma, akwai masu buƙatar sani."

Likita ta yi dariya ta ajiye biro. "Baba, wai wane aiki ka yi?"

Ya gaya mata, bai rage komai ba, har lambar yabon.

"Ashe ku ne!" Ta dafe ƙirji. "Ku ne kuka hana mu barci! Na fito daga jarrabawar nan ina kuka, na ce duk wanda ya rubuta tambayoyin nan ba shi da imani."

"Kin ci?"

"Na ci."

"To ki gode mini."

Kansa ya kumbura har yana jin hular ta matse shi. A ransa har ya koma gida, ya tuɓe riga, ya kunna rediyo. Yana ma tsara yadda zai ba Direba labari, da ɗan ƙarin gishiri.

"Saura guda," in ji likita. "Hula ga kai kamar takalmi ne ga me?"

Ya buɗe baki.

Zumuncin a fili yake, ko makaho ya shafa ya ji. Abin sawa da wurin da ake sa shi. Hula ana sa ta a kai. Takalmi ana sa shi a… Ya sake ɗauko maganar daga farko, yadda ya koya wa Direba, bai juya ta ba. Hula ana sa ta a kai. Takalmi ana sa shi a… Wayam. Kamar ka zura hannu a aljihun da kullum makulli yake ciki ka ji babu komai sai zare.

Ba wai kansa ya yi shiru ba ne, ina! Kalmomi suka yi ta turereniya. Safa ta zo. Ƙasa ta zo. Tafiya ta zo, igiya ta zo, har mai gyaran takalmi ya leƙo. Duk ya gane su, su ne ainihin waɗanda da shi ne mai tambayar zai jera a ƙasa don yaran mutane su faɗa. Yau ga nasa kan ya zauna ya haɗa masa tarko, kuma don mugunta ya cire amsar daga cikin zaɓin.

Likita tana jira. Fanka tana ƙara. Gumi ya tsattsafo masa a ƙarƙashin hula.

Sai ya tashi borin kunya. "Wannan tambaya gurguwa ce."

"Ko?"

"Ƙwarai. Hula guda ɗaya ce, takalmi kuwa biyu ne, tun nan ma ba a daidaita ba. Sannan wace irin hula? Akwai ta ado, akwai ta sanyi, akwai ta kwano. Shi takalmi kariya yake yi, ita hula sau da yawa kwalliya ce. Da a kwamitina aka kawo wannan, da jan biro zan bi ta, in mayar wa mai ita ya sake tunani."

"Na ji, Baba," ta ce a hankali. "Amma takalmi ga me?"

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi murmushin mugunta ba, haƙurin nan nata ne ma ya fi kashe shi. Ya sunkuyar da kai. Ga abin nan a gabansa cikin takalmi mai maɗauri, yatsu biyar a waje, babban da farcen da ya ƙi yankuwa. Ya motsa ta, ta motsa. Shekara saba'in da wani abu tana ɗauke da shi, ta kai shi makaranta, ta kai shi neman aure, ta bi gawar matarsa da shi, yau an ce ya faɗi sunanta ya rasa. Tsoro ya rufe shi. Wannan ba fanka ba ce, ba zafin rana ba ne, kuma ya sani.

Aka yi ɗan tari daga jikin bango.

Ya ɗago. Ta saman kafaɗar likita ya ga Auta ta tsura masa ido, idanun sun kaɗa sun yi ja. Ta ɗan karkato gaba, ta buɗe baki ba sauti, a hankali, gaɓa biyu, yadda ake yi wa jariri. Ta sake.

To, a nan fa ake yin ta. Mutumin nan, ban da rubuta tambaya, duk shekara sai an tura shi sa ido a ɗakin jarrabawa, kuma ɗalibai sun fi tsoronsa da jarrabawar kanta. Ya kama amsa a cinya, ya kama a bayan rula, ya kama a cikin naɗin hannun riga. Ya taɓa karɓe takardar ɗan amininsa a gaban kowa, abotar ba ta sake komawa daidai ba, bai kuma yi nadama ba. Dokarsa guda ce, yana faɗinta kafin a buɗe takarda: mai bayarwa da mai karɓa duk ɗaya ne, a soke su tare. Wannan mutum, wannan dodon, shi ne ya kalli leɓen 'yarsa ya karanta kamar mayunwaci. Ko daƙiƙa ɗaya bai yi yana shawara da zuciyarsa ba. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

"Ƙafa," ya ce. Ya ma ƙara da ɗaga kafaɗa. "Ƙafa mana. Jan ki nake in ga ko za ki gane inda tambayar ta gurgunce."

Likita ta dube shi ɗan lokaci, sannan ta rubuta. Ta tattara takardunta, ta yi lissafinta, ta juya kujera yadda za ta ga su duka biyu.

"Gaskiya akwai abubuwan da nake so mu bi. Zan rubuta gwajin jini da hoton kai, ku dawo mu sake zama. Amma a abin da na gani yau, ya tsallake. Da ƙyar, amma ya tsallake. Ba zan ce a hana shi zama a gidansa ba tukuna, in dai ana leƙa shi."

Kada a yi ƙarya, ya ji daɗi. Ya fito daga ofishin nan yana taku kamar ango, ya gaida ma'aikaciyar jinya da bai sani ba, ya yi wa dattijon nan mai barci fatan samun sauƙi. Daɗin ya raka shi tsawon baranda, ya sauka matakala tare da shi. A bakin ƙofar asibiti, inda ake jiran tasi, ya neme shi ya rasa.

Suka zauna a kan wani dakalin siminti ƙarƙashin inuwa. Auta tana ta danna waya ba ta kallonsa.

"To, Baba, ka ci," ta ce. "Alkawari alkawari ne. Na bar maganar."

"Me ya sa kika yi?"

"Me na yi?"

"Kada ki raina mini hankali. Ɗan abin da ya rage ne, ki bar mini shi da mutuncinsa."

Ta kife wayar a cinya. Leɓenta ya fara rawa, irin rawar da yake yi tun tana ƙarama in za ta yi kuka tana ƙin yi.

"Ni fa na kawo ka ne don ta ce ba za ka iya ba," ta ce. "Tun daga gida addu'ar da nake yi ke nan, Allah ya yafe mini. Har daɗi na ji da agogon nan ya karkace. Amma da na ga ka sunkuya kana kallon ƙafarka… Baba, kai ne fa. Kai ne ka hana mu cin abinci sai mun faɗi akasin kalma. Ban iya ba. Wallahi ban iya kallo ba."

Hawaye suka zubo mata, ta share da bayan hannu cikin fushi, kamar su suka yi laifin. Ya kau da kai ya kalli titi, domin nasa ma ba su da nisa. Tausayinta ya kama shi, da kunya, da wani irin alfahari marar kan gado: duk cikin masu ba da amsa da ya kama a rayuwarsa, babu wanda ya yi shi da tsabta irin 'yarsa.

"Kin iya kuwa," ya ce. "A ina kika koya?"

Dariya ta kuɓuce mata cikin kukan. "Baba!"

"Tambaya nake. In a makaranta ne, a dawo mini da kuɗina." Ya ciro hankici ya miƙa mata. "To ai kin san hukunci. An soke."

"Me aka soke?"

"Jarrabawar. Ni da ke duka."

"Ai ta ce ka tsallake."

"Ta ce da ƙyar. Na ƙare rayuwata ina ba da maki, na san abin da da ƙyar take nufi. Maki ɗaya ne, kuma naki ne." Ya numfasa. "Ban san kalmar nan ba, Auta. Ba jan ta nake ba. Ina kallon abin, na san aikinsa, na san zumuncinsa da takalmi, zan iya yi miki lacca a kai har magariba, amma sunan babu. Kuma ba yau ya fara ba. Tsoro nake ji."

Bai taɓa gaya wa wani cikin 'ya'yansa haka ba. Da ya faɗa sai ya ji maganar ba ta kai nauyin da take da shi a ciki ba. Auta ta kama hannunsa ta riƙe da hannu biyu.

"Ba sai ka taso yanzu ba, Baba. Mu jira sakamakon. Zan riƙa zuwa kullum."

"Ki riƙa zuwa kullum ki tsaya a bayan mutane kina motsa mini baki? A'a. Zan biyo ki, amma da sharaɗi. Keken motsa jikin nan ya bar ɗakin, ba zan kwana da abin da ke yi mini gori ba. Kujerata za ta biyo ni, komai muninta. Rediyo kuma zan yi masa gyara da ƙarfi, wanda bai so ya toshe kunne. Mijinki ki gaya masa ya daina miƙewa in na shigo, ni ba alƙali ba ne."

"Zan gaya masa."

"Ba zai ji ba."

"Ba zai ji ba," ta yarda, tana jan hanci.

Wata tasi ta rage gudu, direban ya leƙo yana tambaya da hannu. Auta ta ɗaga masa nata, ta miƙe, ta tsaya tana jiran mahaifinta ya gama tattara gwiwoyinsa.

"Ranar hutunki ki zo da kwalaye," ya ce, yana dafa kafaɗarta. "Kada ki ce sai wani watan. Akwai kayan uwarki a ɗakin baya, babu wanda ya san na wane ne da inda aka samo su sai ni. Ki zo da wuri in gaya miki sunan kowanne tun ina da shi."